Kujeru Biyu na Mista Bodnar

Landan, Maris 1952

Yaya Idwal,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Menna da yara. Yaya Baba? Ni lafiyata ƙalau, sai hayaƙin garin nan da ya mayar da farar rigata ruwan toka.

Yaya, nemi wuri ka zauna. Na samu fim!

Ka tuna gajeren mutumin nan mai sanƙo da na ce ya biyo ni bayan dandali a Liverpool? Mista Andor Bodnar. Ashe ba ƙaramin mutum ba ne. Rabin fuskokin da ake mannawa a ƙofar silima a ƙasar nan shi ne wakilinsu, shi ke nema musu aiki, shi ke faɗa a kansu. An ce daga Hungary ya zo yana saurayi, ya fara da kaɗa fiyano a silima tun zamanin da fim ba ya magana. Yanzu kuma ya zama furodusa, zai shirya fim na kansa, labarin 'yar wani masunci. Ni ce 'yar masuncin.

Bari in ba ka labarin ofishinsa, don na san ba za ka yarda ba. Tebur ɗaya ne, amma kujeru biyu ne a bayansa. Jar kujera ta fata, ta furodusa ce. Ta katako mai ƙara, ta wakili. Da na shiga yana kan ja, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Nesta Parry? Wannan suna ba zai cika silima ba. Daga yau ke ce Gloria." Kafin in buɗe baki ya miƙe, ya koma ta katako, ya doki tebur ya ce wa kujerar da babu kowa, "Gloria? Kai, ka ji kunya! Yarinya ce ko sabulun wanka?" Ya sake komawa, ya sake dawowa, har gumi ya tsattsafo masa. Na fashe da dariya. Ya harare ni ya ce, "Ba wasa muke yi ba, 'yata. Wata rana wannan ne ke ci, wata rana wancan, ni ma ban san wanda zai ci ba sai an gama." Ranar dai wakili ne ya ci, sunana yana nan.

Ban taɓa ganin mutum irinsa ba. Idan ya ɗaga waya, manyan mutane a can ɗaya gefen sai ka ji muryarsu ta yi ƙasa.

Ka karanta wa Baba wannan a hankali, ban da wannan karatun naka na sanarwar majami'a.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Nesta

*

Penrallt, Afrilu 1952

Nesta,

Gaisuwa. Duk muna lafiya. Ruwa bai ɗauke ba tun Ista.

Na karanta. Mutumin da ke zagin kujera, a garinmu asibiti ake kai shi, amma na ga a Landan ofis ake ba shi. Dillali dai dillali ne, ko na tumaki ko na mutane. Ki kula da kanki, abin da zan ce ke nan.

Baba kuwa kin ɗaga mana hankalinsa. Kin san tun ranar da nakiya ta ɗauke masa idanu a wurin fasa dutse, ba ya zuwa ko'ina sai majami'a. Kin kuma san abin da ya sha faɗa a kan silima, wai ɗakin shaiɗan ne mai kujeru masu laushi. To shekaranjiya ya ce wa Menna ta fito da kwat ɗinsa ta Lahadi ta shanya. Na ce, "Baba, wa ya mutu?" Ya ce, "Ba wanda ya mutu, silima za ni." Na ce, "Me za ka gani a can?" Ya ce, "Wa ya ce maka gani za ni? Ba magana za ta yi ba?"

Ya tsayar da fasto a hanya ya gaya masa, ya gaya wa mai kawo madara, ya gaya wa duk dattawan da ke zama a bakin gada. Yana cewa rabonsa da jin muryarki a ɗaki tun bikin Kirsimeti na bara waccan, yanzu kuma zai ji ta cike da ɗaki guda, duk gari na saurare.

Ƙarfinsa ba kamar da ba ne. Hawan tudun nan sai ya tsaya ya huta a hanya. Ki ce wa mai kujerun ya gaggauta.

Menna ta aiko miki da burodin zabibi, kada ki raba wa 'yan wasa.

Yayanki,
Idwal

*

Landan, Satumba 1952

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Ka yafe mini shirun nan, aiki ne ya sha kaina. Wannan wasiƙar kuma taka ce kai kaɗai, kada ka karanta wa Baba.

Mun gama ɗaukar fim. Da ma a ce ka ga Mista Bodnar a bakin aiki! Wata rana babban jarumin ya kulle kansa a ɗaki, wai ba zai fito ba sai an rage mini magana. Darakta ya yi lallashi ya gaji. Mista Bodnar ya zo, bai ko ƙwanƙwasa ƙofar ba. Ya tsaya a bakinta ya ce wa mai ɗinki da ƙarfi, "Rigar nan a rage mata kafaɗa, wanda zai sa ta gobe bai kai wannan jiki ba." Kafin ya rufe baki ƙofa ta buɗe. A cikin wani katafaren ɗaki ya sa aka gina teku, Yaya, teku da igiyar ruwa da iska, har na ji amai yana taso mini. Na riƙa kallonsa ina cewa a raina, wannan mutum babu abin da ya fi ƙarfinsa.

Ashe akwai.

Ran Talata ina shan shayi a kantin ma'aikata, sai na ji wata mata a bayana tana maimaita maganganuna na cikin fim, kalma bayan kalma, da irin Turancin nan na gidan rediyo mai santsi. Na juya. Ta yi murmushi ta ce, "Af, ke ce fuskar! Ni ce muryar. Kina saurin rufe baki, kin ba ni wahala." Ba da mugunta ta faɗa ba, aikinta ke nan.

Ga yadda abin yake. Kamfanin da ke da manyan gidajen silima na ƙasar nan, su ne za su nuna fim ɗin. Manyansu sun kalla, sun ce fuskata ta yi, amma karin harshena na mutanen dutse ne, 'yan Landan za su yi dariya. Don haka za a cire muryata gaba ɗaya a ɗora tata. An ce haka ake yi kullum, ba a ma gaya wa mutum.

Na haura ofis da gudu. Yana kan jar kujera. Bai musa ba. Ya ce, "Wanda ke da ɗakunan duhu shi ke da fim, 'yata. Ni fitila kawai nake kunnawa." Na dubi kujerar katako na ce, "Shi kuma fa?" Ya ce, "Yau ba ya nan."

Na yi kuka har na gode Allah. Ba don kaina ba. Yaya, Baba zai sa kwat ɗinsa, ya zauna a gaban duk gari, ya ji baƙuwa. Me zan ce masa?

Taka,
Nesta

*

Penrallt, Satumba 1952

Zuwa ga Mista A. Bodnar,

Bayan gaisuwa. Ni ne Idwal Parry, yayan Nesta. Mai fasa dutse ne ni, ban iya rubutun ofis ba, don haka zan faɗi magana yadda take.

Mahaifinmu makaho ne. Fuskar da kuka bari ba ta da amfani a gare shi. Abin da kuka cire shi ne kaɗai rabonsa a cikin fim ɗinku. Ban roƙe ka komai ba, don ban saba roƙon dillalai ba. Ina so dai ka sani, saboda idan na gaya masa zan faɗi sunanka.

Na bar ka lafiya.
Idwal Parry

*

Penrallt, Oktoba 1952

Nesta,

Gaisuwa daga kowa. Yau ni ne zan ce ki nemi wuri ki zauna.

Na rubuta wa mutumin naki wasiƙa mai zafi, ban gaya miki ba. Ban sa ran amsa ba. Ran Asabar da hantsi ina gyaran katangar baya, sai na hango wani gajere yana hawo tudu cikin ruwan sama, rungume da akwati kamar mai ɗauke da jariri. Motarsa ta kasa hawa, ya baro ta a gindin gada. Takalmansa sun lalace, numfashinsa kamar zai fita. Ya ce, "Kai ne wanda bai saba roƙon dillalai ba? Ga dillalin ya zo. Ina dattijon?"

Menna ta rikice, ta fito da kofunan da ba a taɓa su sai ranar jana'iza. Ya zauna kusa da murhu tare da Baba. Na zaci fim zai yi ta zuba a kai. Ina! Tambayar Baba ya riƙa yi yadda ake tsaga dutsen da ake rufin gida da shi, da yadda ake gane mai kyau da ƙararsa, da waƙoƙin da masu fasa dutse ke yi a rumfar cin abinci. Baba ya saki jiki har ya rera masa baiti ɗaya. Mutumin ya cinye burodi yanka uku yana lumshe ido.

Sai ya buɗe akwatin, ashe garmaho ne. Ya ce, "Mista Parry, ina so ka saurari wani abu ka gaya mini ra'ayinka." Ya sa faifai. Muryar matar nan ce. Na gane nan take, na yunƙura zan tsayar da shi, Menna ta riƙe mini hannu.

Baba ya karkata kai ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Madalla. Baiwar Allah nan ta iya magana, kamar mai karanta labarai. Ita ce za ta fito tare da Nesta tamu?"

Mutumin ya zuba wa Baba ido, ya daɗe, har na ji ƙarar gawayi a murhu. Na ga wani abu yana kai da komo a fuskarsa, kamar mutum biyu na kokawa a cikin riga ɗaya. Can ya ce, "A'a. Ba ta cikin fim ɗin."

Baba ya ce, "Ayya, Allah ya ba ta wani aikin. To sa mini ta Nesta." Ya ce, "Wannan sai a silima, Mista Parry. Ni ɗan kasuwa ne, ba na ba da kaya kyauta." Baba ya yi dariya har da tari.

Na raka shi gindin tudu ina ɗauke da akwatin. Na ce, "Abin da ka faɗa, gaskiya ne?" Ya ce, "Lokacin da na shigo gidanku ba gaskiya ba ne." Na ce, "Masu kamfanin za su yarda?" Ya ce, "Ba za su yarda ba." Ya shiga mota.

Ban san me zai yi ba, kuma har yanzu ban ce na yarda da shi ba. Amma na tsaya a cikin ruwa ina kallon motar har ta ɓace, ban san dalili ba.

Yayanki,
Idwal

*

Landan, Janairu 1953

Yayana,

Barka da sabuwar shekara, Ubangiji ya sa mu ga ƙarshenta lafiya. Ka gaishe da Baba da Menna.

Ka tambayi abin da ya faru. Na daɗe ban rubuta ba saboda duk lokacin da na ɗauki alƙalami sai in rasa ta inda zan fara.

Bayan dawowarsa daga wurinku ya ce in sa hula mu je kamfani. Na sauko na tarar yana faɗa da direban tasi, wai sai an ɗaura kujerar katakon nan a kan mota. Da kansa ya ɗauke ta ya shiga da ita ɗakin taro, ya ajiye kusa da wadda suka ba shi. Manya huɗu a zaune, kowanne da sigari. Ni aka ajiye ni jikin bango.

Ya zauna a kujerarsu ya ce, "Ranku ya daɗe, a matsayina na furodusa na yarda da ku ɗari bisa ɗari. Muryar yarinyar nan duwatsu ne a cikinta." Suka gyaɗa kai. Sai ya miƙe ya koma ta katako. "Amma wakilinta mutum ne mai taurin kai, na yi da shi ya ƙi. Ya ce in an taɓa muryarta ko da tari ɗaya ne, babu ɗan wasansa da zai ƙara tsayawa gaban kyamararku."

Suka yi dariya, don sun san halinsa. Bai yi ba. Babbansu ya ce, "Andor, kai fa baƙo ne a ƙasar nan, mu muka buɗe maka ƙofa. A kan 'yar ƙauye za ka rufe ta?" Ya ce, "Shekara talatin kuna jin Turancina kuna dariya in na fita. Amma ba ku taɓa kasa gane abin da nake nufi ba. Yau ma kun gane."

Yaya, da ma kana nan ka gani. Ɗan gajeren mutum a kan kujera mai ƙara, sai na ga ya cika ɗakin.

Muryata tana nan, sun janye hannunsu. Amma ka ji abin da ya biyo baya. Sun ce fim ɗin ba zai shiga ko ɗaya daga cikin gidajensu ba. Sun kuma aika wa 'yan wasansa cewa kowa ya zaɓa, ko Bodnar ko aiki. Mutanen da ya tsinto daga kan titi, waɗanda ya saya wa rigar farko, ɗaya bayan ɗaya suka hawo bene suna sunkuyar da kai. Abin da ya fi ba ni mamaki, bai zagi kowa ba. Shi ne ma yake gaya wa kowanne wakilin da ya fi dacewa da shi, ya ɗaga waya ya haɗa su. Babban jarumin nan ya zo yana hawaye, ya ce masa, "Share fuskarka, ba a biyan ka a kan wannan."

Hotunan bango duk an sauke. Ya bar ofishin, ya koma wani ɗan ɗaki a bayan shagon mai gyaran agogo. Ni ma ba wanda ke kirana, na koma wasan dandali a ƙananan garuruwa, kuma ba zan ɓoye maka ba, wani lokaci abin yana ci mini rai. Na ce masa, "Ka rushe aikin rayuwarka saboda ni." Ya ce, "Ke wa? Kada ki ɗauki kanki da girma. Na gaya wa dattijo magana a gaban murhunsa, bayan na ci burodinsa."

Yanzu yawo yake yi da gwangwanayen fim a bayan mota, gari gari, yana lallashin masu ƙananan silima. Ya ce garinku zai samu kafin bazara. Ni ina Newcastle a lokacin, ba za su sake ni ba. Ka riƙe wa Baba hannu a madadina.

Ƙanwarka,
Nesta

*

Landan, Maris 1953

Mista Parry mai daraja,

Ina gaisuwa, ina kuma gaida mahaifinka da uwargidanka, wadda har yau ban ci burodi kamar nata ba.

Fim zai iso garinku a jirgin ƙasa na ran Alhamis. Da na kawo da kaina, amma motar ta zama ta wani. Ka gaya wa mai silima ya goge na'urarsa, ya kuma ƙara sauti fiye da yadda ya saba. Ka zaunar da dattijo a tsakiya, ba a gaba ba. A gaba hoto ne ke da kyau, a tsakiya murya.

Na shirya fim ɗaya a rayuwata, da alama shi ke nan. Ban san ko mai kyau ba ne, don waɗanda ke faɗin haka a jarida ba su kalla ba. Ka rubuto mini abin da mahaifinka ya ce, ko da zagi ne. Kada ka gyara.

Naka da girmamawa,
Andor Bodnar

*

Penrallt, Afrilu 1953

Ranka ya daɗe Mista Bodnar,

Gaisuwa da ban girma. Ka ce kada in gyara.

Mun je ran Asabar da rana. Ɗaki ya cika har ana tsayuwa, fasto ma ya zo, ya ɓuya a baya. Da Nesta ta fara magana Baba ya damƙe mini gwiwa, bai saki ba.

Ka san wurin da hadari ya taso, jiragen masunta ba su dawo ba, ta tsaya a kan dutse tana ƙwala wa ubanta kira. Ta kira sau ɗaya. Ta sake kira. A na uku muryarta ta karye, sai Baba ya miƙe tsaye a tsakiyar silima ya amsa da iyakar ƙarfinsa, "Na'am! Ga ni nan, 'yata, ga ni nan!"

Ba wanda ya yi dariya. Mutanen nan da na sani, masu fasa dutse, waɗanda ba sa kuka a jana'izar 'ya'yansu, na ji su suna jan hanci a cikin duhu. Ni ma ban ga sauran fim ɗin sosai ba.

Na kira ka dillali. Ban san sunan da zan kira ka da shi yanzu ba, a yarenmu ko a Turanci.

A hanyar gida bai tsaya hutawa a tudu ba. Da muka kai ƙofa na ce masa kana jiran ra'ayinsa. Ya yi tunani, ya ce in gaya maka muryar ta fita sarai, kuma hoton ma ya yi kyau.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Naka,
Idwal Parry